Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga National Trust da Majalisar Barnsley a kan Ɗakin Gilashin Wentworth Castle

Zuwa ga shugabannin National Trust, ƙungiyar kula da gidaje da lambunan tarihi, da kansilolin Majalisar Barnsley,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni baƙo ne da daɗewar zama ta mayar ɗan gari a Kudancin Yorkshire, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗakin gilashin nan na rainon shuke-shuke da ke lambun Wentworth Castle, tsohon gidan masu sarauta a Stainborough kusa da Barnsley. Na rubuta da Hausa, na kuma baza wasiƙar a fili, don 'yan'uwana mazauna Barnsley da Sheffield da Rotherham su ma su karanta. Harajinsu na shiga asusun hukuma kamar na kowa, sannan akwai wani abu da aka ajiye a cikin ɗakin wanda ya shafe su ƙwarai, zan zo kansa.

An yi wa ɗakin nan gyara na gani na faɗa. An kashe fam miliyan 3.74, aka buɗe shi a 2013 ana ta murna. Ba a cika shekara huɗu ba, a 2017, sai aka garƙame ƙofar lambun baki ɗaya, saboda kuɗin da ke shigowa ya kasa riƙe wurin. Ku ne kuka haɗa kai da kwalejin manya ta Northern College kuka sake buɗe shi a watan Yunin 2019, kuma duk mai adalci zai yaba muku. Sai dai abin da ya faru a 2017 yana iya sake faruwa, don har yau ba a kashe macijin an sare kansa ba. Kuɗin gyara daga nesa ya zo, kuma sau ɗaya yake zuwa. Abin da zai hana ɗakin komawa kango yana hannun mutanen da ke kwana suna tashi kusa da shi, kuma a ganina har yanzu ba a ba su matsayin da ya kai nauyin da ake so su ɗauka ba.

Ku kun san tarihin, amma ku yi mini uzuri in ɗan taɓo shi saboda masu karatu. Gidan ma kansa hassada ce ta gina shi. Thomas Wentworth ya sa rai shi zai gaji katafaren gandun Wentworth Woodhouse, sai ga shi a 1695 an bar wa wani ɗan'uwa, Thomas Watson. Bai haƙura ba. A 1708 ya sayi Stainborough, 'yan mil kaɗan daga gidan da ya kuɓuce masa, ya shiga gini da shimfiɗa lambu don ya nuna wa danginsa cewa shi ma da ƙarfinsa. A 1711 aka ba shi sarautar Strafford. Ɗakin gilashin kuwa sai can baya ya zo, a 1885, zamanin iyalin Vernon-Wentworth. Kamfanin Crompton and Fawkes na garin Chelmsford ne ya ƙera shi da ƙarfe da gilashi, kuma yana cikin irinsa na farko-farko da aka sa wa wutar lantarki a ƙasar.

Zamani ne ya ba da damar irin wannan gini. An soke harajin gilashi a 1845, masana'antu sun mai da ƙarfe abu mai sauƙin samu, kwal kuwa yana ƙarƙashin ƙafa. Fiye da duka waɗannan, ƙwadago na da araha. Mai gida yana iya ajiye rundunar masu lambu: wani aikinsa hura wutar tukunyar ɗumama ruwa cikin dare, wani buɗe tagogin sama in rana ta yi zafi, wani hawa tsani yana sauya gilashin da ya fashe. Da yaƙin duniya biyu suka kwashe mutane, albashi ya tashi, haraji ya yi wa masu gandu nauyi, sai wannan runduna ta watse a kusan duk manyan gidajen Ingila. A 1948 hukumar Barnsley ta sayi gidan, ya zama kwalejin horar da malamai, daga baya a 1978 ya zama mazaunin Northern College, inda manya waɗanda karatu ya wuce su tun suna yara suke dawowa aji. Kwaleji kuwa kuɗinta na malamai ne da ɗalibai, ba ta da na fentin ƙarfe. Haka ɗakin ya yi ta lalacewa har ciyayi suka cinye shi, aka tokare shi da ƙarafuna don kada ya rufto. A 2003 tashar BBC ta sa shi cikin gasar tsofaffin gine-gine masu neman ceto, ya kai zagayen ƙarshe, amma gidan wanka na Victoria Baths da ke Manchester ne ya lashe. Sai da aka ƙara jiran shekara goma kafin a ga ƙarshen aikin.

Aikin kuwa an yi shi da kyau, ba na jayayya. An kwance ginin gunduwa-gunduwa, dubban ƙarafuna, kowane da lambarsa, aka kai su wurin maƙera aka kankare tsatsa da tsohon fenti, wanda ya ci ya ƙare aka zuba sabo irinsa, sannan aka dawo aka harhaɗa. Mafi yawan kuɗin daga asusun kula da kayan tarihi na cacar ƙasa ya fito, tare da gudummawar asusun raya yankuna na Tarayyar Turai da wasu. Wannan rijiya ta biyu ta ƙafe muku bayan da Birtaniya ta fice daga Tarayyar a 2020. Ta farkon kuma, mu da addininmu ya hana mu caca muna ɗan yamutsa fuska in an ambace ta, amma ba wannan ne abin da nake so ku lura da shi ba. Ku tsaya a kowane ƙaramin shago a Barnsley ranar Asabar ku ga masu layin sayen tikitin. Ba jikokin masu gandu ba ne. Ke nan talakan garin ya riga ya biya kuɗin gyaran nan fam ɗaɗɗaya, tun kafin a nemi ya biya kuɗin shiga.

Abin da ba a cika faɗa wa jama'a ranar yanke kyalle ba shi ne, ɗakin gilashi yana fara komawa gidan jiya tun daga ranar da aka gama shi. A ciki akwai ɗumi da laima, don haka tsirrai suke so, a waje kuma ga ruwan sama da ƙanƙarar Yorkshire. Tururi yana taruwa a jikin gilashi ya gangara ya kwanta a mahaɗar ƙarafuna. Da fenti ya ɗan tsage, tsatsa ta samu ƙofa. Ita kuwa tsatsa kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta tura gilashin da ke kusa ya tsage, ta ɓalle ƙusar da ke riƙe da ginshiƙi. Danƙon da ke manne gilashi da ƙarfe yana bushewa ya zube. Ganye yana toshe magudanar rufi, ruwa ya tsaya, sanyi ya daskarar da shi, ƙarfen zubi ya dare, shi kuwa ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan lissafi: in ba a yi yaɓe kafin damina ba, ba a share indararo ba, shekara biyu uku sun isa katanga ta zauna. Ko lambun Kew na Landan, da duk sunansa da tallafin gwamnati, sai da ya rufe babban ɗakin gilashinsa na tsawon shekara biyar, ya kashe fam miliyan 41, aka sauya gilashi kusan 15,000, kafin a sake buɗe shi a 2018. Idan haka ta samu Kew, me zai hana ta samu Stainborough?

Saboda haka roƙona na farko mai sauƙi ne, ba ya ma bukatar ƙarin kuɗi. Ku riƙa buga lissafin ɗakin gilashin shi kaɗai kowace shekara, ku manna a ƙofarsa, ku sa a intanet: nawa aka kashe wajen ɗumama shi, nawa aka ware wa fenti da gilashi, yaushe aka yi duban ƙarfe na ƙarshe, yaushe za a yi na gaba, nawa ne a asusun ko-ta-kwana. Rufewar 2017 ta zo wa yawancin mutanen gari ne daga sama, a jarida suka gani. Mutumin da aka ɓoye wa ciwo ba a zarginsa da ƙin kawo magani. Da jama'a suna ganin alƙaluman suna raguwa shekara bayan shekara, da sun yi motsi tun ƙofa na buɗe.

Na san za ku ce ai jama'a suna ciki, ga masu aikin sa-kai nan. Gaskiya ne, kuma ina cire musu hula. Su ne ke cire ciyawa, su ne ke rainon dashe, su ne ke tarbar baƙi da fara'a cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, ba a biyansu ko kwabo. In aka janye su, babu wani gandu na National Trust da zai yi mako guda a buɗe. To amma aikin gayya yana da ƙa'idarsa. Wanda ya zo da fartanyarsa yana da bakin magana a kan inda za a fara da inda za a tsaya. Idan shawara a ofis ake yanke ta, a wani gari, sannan a aiko wa masu lambu da jadawali, to sunan abin ƙwadago kyauta, ko da an raba shayi da biskit a ƙarshe. Ina so a kafa zauren shawara na dindindin a kan ɗakin gilashin da lambun da ke kewaye da shi, wanda masu aikin sa-kai za su zaɓi wakilansu da kansu, unguwannin da ke kusa su ma su turo nasu, a ba su ikon ganin kasafi kafin a zartar, kuma a buga abin da aka tattauna. Majalisar Barnsley, wannan ya fi shafarku, don ku mutane suka zaɓa, kuma da kuɗinsu aka sayi gidan tun 1948.

Akwai kuma batun su wane ne ke iya yin aikin sa-kan. A ko'ina cikin ƙasar nan, mafi yawa tsofaffi ne masu fansho da mota. Allah Ya ƙara musu lafiya, amma wa zai gaje su? Lambun yana kan tudu a bayan gari, kimanin kilomita 5 daga tsakiyar Barnsley. Ga mai mota tafiyar 'yan mintuna ce. Ga matar da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, da yara uku, babu mota, tafiya ce da sai an shirya mata, ga kuɗin bas ga kuɗin ƙofa. Duk wani rangwame ko ranar shiga kyauta da kuke yi wa mutanen yankin, ku mai da shi haƙƙi tabbatacce da kowa ya san da shi, kada ya tsaya a matsayin alfarmar da sai mai bin shafukanku ne zai ji labarinta. Ku zauna da masu bas a daidaita zirga-zirgar Asabar da Lahadi da lokutan hutun makaranta.

Ku dubi tambarin garin Barnsley. Mutum biyu ne ke riƙe da shi: mahaƙin kwal da mai hura gilashi. Gaskiya ne gilashin Barnsley ya fi shahara a kwalabe, ba a na tagogi ba, amma hannun da ya san wuta da narkakken yashi hannu ɗaya ne. Kuma a garin da ke zaune a kan kwal, ba sai an tambayi wa ya haƙo abin da ake zuba wa tukunyar ɗumama furannin mai gida ba. A watan Disambar 1866, shekara 19 kacal kafin a gina ɗakin, mahaƙar Oaks ta yi bindiga ta hallaka mutum 361, manya da yara. Ramukan kwal na ƙarshe a yankin Barnsley an rufe su a farkon shekarun 1990, kuma har yau akwai unguwannin da ba su farfaɗo ba. Jikokin waɗannan mutane su suka fi cancanta da sana'ar da ɗakin nan yake bukata. Gyaran tsohon ƙarfen zubi, yankan gilashi da ɗora shi a tsohon firam, fentin da ya dace da ginin tarihi, rainon tsirran ƙasashe masu zafi, duk sana'o'i ne da masu iya su ke ƙaranci a Birtaniya, kuma ana biyansu da kyau. Me zai hana duk kwangilar gyara da za ku bayar a nan gaba ta zo da sharaɗin ɗaukar matasan gari koyon aiki, da albashi, da takardar shaida a ƙarshe? Yaron da ya ɗora gilashi da hannunsa a rufin nan ba zai bari a jefe shi da dutse ba, kuma in ya tsage bayan shekara ashirin an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Abin dariya, gidan da Thomas Wentworth ya yi wa hassada shi ne yanzu yake da darasin da za ku ɗauka. Wata ƙungiyar amintattu ta sayi Wentworth Woodhouse a 2017, a shekarar da aka rufe naku. Su ma suna da tsohon ɗakin gilashi da rufinsa ya tafi, da itatuwan kameliya da suka haura shekara 200 suna tsaye a ciki ruwa na dukansu. Sun kashe kusan fam miliyan 5, suka kare itatuwan har aka gama aiki, suka buɗe a 2024. Amma ba su bar shi wurin kallo kawai ba, sun mai da shi gidan shan shayi, abin da ya dace, tunda ganyen shayi ma daga dangin kameliya yake. Ginin yana samo wani abu daga cikin kuɗin riƙe kansa, kuma akwai masu ɗaukar albashi a cikinsa. Ban ce ku cika naku da tebura ba, tsarin ginin ya bambanta. Ina cewa ne ɗakin da ake koyar da yaran makaranta a ciki, ake sayar da dashen da aka raina a ciki, ake ba ƙungiyoyin unguwa aronsa da yamma, ya fi wuyar rufewa a kan wanda ake leƙawa a ɗauki hoto a wuce.

Yanzu ga abin da na ce ya shafe mu. Bayan gyara, an ajiye wani mutum-mutumi na dalma a cikin ɗakin: baƙar fata ɗan Afirka, a durƙushe, yana ɗauke da faifan auna lokaci da inuwar rana. Ya girmi ɗakin da fiye da shekara ɗari, tun zamanin Thomas Wentworth ne. Shi Wentworth yana ɗaya daga cikin wakilai biyu da suka yi wa Birtaniya cinikin yarjejeniyar Utrecht a 1713. Cikin ribar da ƙasar ta samu a wannan sulhu har da izinin kai bayi 4,800 kowace shekara, na tsawon shekara 30, daga Afirka zuwa ƙasashen da Sifaniya ke mulka a nahiyar Amurka, aka kuma miƙa cinikin ga kamfanin South Sea. Mutumin da ke durƙushe ado ne na wannan nasara, haka aka yi shi, haka masu shi suka kalle shi.

Ba na cikin masu cewa a ɗauke shi a kai sito, kamar yadda aka janye irinsa daga gaban Dunham Massey, wani gidan National Trust kusa da Manchester, a 2020. In an ɓoye shi, wa aka sauƙaƙa wa? Ba kuma ina magana ne da bakin wanda hannun kakanninsa yake da tsabta ba. An yi kasuwar bayi a Kano, an yi rinji a ƙasar Hausa, kuma an loda Hausawa a jiragen da suka tsallaka zuwa Bahia a Brazil. Abin ya taɓa mu ta gaba da ta baya, shi ya sa ba ma jin daɗin a yi mana bayaninsa da muryar mai rarrashin yaro. Rahotonku na Satumbar 2020, ku National Trust, wanda ya lissafa wurare 93 masu alaƙa da bauta da mulkin mallaka, ya jawo muku zagi daga wasu 'yan siyasa da jaridu, kuma kun daure. Mataki na gaba shi ne ku sakar wa wasu alƙalamin. Akwai 'yan asalin Afirka da Karibiyan a Barnsley da Sheffield, malamai da ma'aikatan jinya da ɗalibai da direbobi. Ku gayyace su su zauna da masana tarihinku su rubuta abin da za a karanta a gaban mutum-mutumin, a biya su ladan lokacinsu kamar yadda ake biyan kowane mai ba da shawara, kuma a riƙa sabunta rubutun, kada a yi sau ɗaya a ce an sauke nauyi.

Tsirran da ke kewaye da shi ma suna da nasu labarin. An jera shukokin ɗakin ne nahiya-nahiya, kuma hakan ya ba ku damar faɗin yadda suka iso. Ƙaramin akwatin gilashi da likita Nathaniel Ward ya ƙirƙiro a Landan wajen shekarun 1830 shi ya sa tsiro ya iya yin watanni a teku bai mutu ba. Da irinsa aka kwashi itacen da ake samun kwinin daga tsaunukan Kudancin Amurka zuwa Indiya. Kwinin kuwa mun san aikinsa a wajenmu: a 1854 likitan Birtaniya William Baikie ya shiga kogin Kwara da Binuwai yana ba mutanensa shi kullum, ya fito zazzaɓi bai kashe masa ko Bature ɗaya ba, daga nan hanyar shiga ƙasarmu ta buɗe. Yaron Barnsley da yaron da iyayensa suka zo daga Zariya ko Damagaram duk suna da haƙƙin jin cewa waɗannan ɗakuna masu kyau ba don ƙamshin fure kaɗai aka yi su ba. Kuma a cikinmu akwai waɗanda suka tashi da fartanya a hannu, suka san tsirran ƙasa mai zafi tun ba a tukunya ba. In an nemi su zo, za su zo.

'Yan'uwana masu karanta wannan, ku ma da naku. Ba a ba wanda ba ya nan kujera. Ku kai yara, ku rubuta sunayenku cikin masu aikin sa-kai, ku tambayi kansilan unguwarku me ya sani game da kasafin wurin.

Ku kuma shugabanni, ina roƙon ku kira taron jama'a a cikin ɗakin gilashin kansa kafin ƙarshen shekarar kuɗi mai zuwa, da yamma ko a ƙarshen mako, lokacin da ma'aikaci zai iya halarta, babu kuɗin shiga, da bas daga tsakiyar gari. Ku zo da lissafin kula da ginin na shekara goma masu zuwa a rubuce, da sunan ofishin da za a tuhuma in ba a bi shi ba.

Na gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani Bahaushe mazaunin Kudancin Yorkshire